Liftar da Ba Ta da Maɓalli

Ku da kuka zo kwanan nan kuna ganin aikin lifta zama ne a ɗaki mai sanyi ana jiran waya ta yi ƙara. Na ji ɗayanku yana cewa ai yanzu kwamfuta ce ke yin komai, namu kawai mu karanta lambar da ta nuna mu canza abin da ta ce. To ku gyara zama. Ni Sale, shekara talatin da ɗoriya ina shiga ramin lifta ina fita, kuma abin da ya fi ba ni wahala a sana'ar nan ba igiya ba ce, ba birki ba ne. Wani baƙin gilashi ne da ba shi da maɓalli ko ɗaya.

A Kaduna na koyi aiki, wajen Malam Tanko, wanda ke kula da liftocin wani dogon benen gwamnati. Wata shida ban riƙe sifana ba. Aikina sharar ƙasan rami, kwashe bawon gyaɗa da guntayen takardu da mutane ke zubawa ta tsagar ƙofa, da shafa giris a jikin dogayen ƙarafan da akwatin ke bi. Ni ke ɗaukar jakar kayan aiki: sifanoni, filaya, sukudireba, tocila, mitar gwada wuta, da wani ɗan mabuɗi mai kusurwa uku da ake buɗe ƙofar lifta da shi daga waje. Wannan mabuɗin Malam Tanko bai yarda ya kwana a jaka ba, a wuyansa yake rataye da igiyar takalmi.

Ranar da ya fara yarda na taɓa allon maɓallai, sai da ya ɗaure mini ido da hankicinsa. Ya ce in kai shi hawa na bakwai. Na lalubo. Maɓallan tagulla ne, lambobin an sassaƙa su, yatsa na jin su. Na ƙasa ya fi kowanne santsi saboda yawan dannawa. Ya ce in nemo ƙararrawa. Na same ta can ƙasa, ta fi sauran girma, ta ɗan fito waje. Ya kwance hankicin ya ce, “Sale, wanda zai nemi wannan ba ya cikin hankalinsa lokacin da yake nemanta. Ka tuna.” Shi ke nan abin da ya ce, muka koma shafa giris.

Daga Kaduna na yi Abuja, daga can wani kamfani ya kawo ni Doha. Na sauka a unguwar Bin Omran, ɗaki ɗaya mu huɗu, har yau kuma can nake. A nan na san Mubarak. Ɗan Zariya ne, ya zo karatun digiri na biyu a fannin tsara yadda mutum ke mu'amala da na'ura. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo mu ɗaki don tuwo da miyar kuka, ya zauna a bakin katifata yana kirana Kawu. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya gama karatu yana neman inda zai kama, ni na ɗauki takardunsa na kai wa mudir, wato manajanmu, na tsaya a ƙofar ofis kusan awa guda da hular aiki a hannu. Aka ɗauke shi.

Cikin shekara biyu yana da ofis mai taga, da mota, da gida a Ain Khaled. Ya yi aure, na je walima, na ga falon. Ni kuwa ina nan cikin shuɗiyar rigar aiki wadda ko sunana ba a rubuta daidai a ƙirjinta ba. In muka haɗu a harabar kamfani yakan gaishe ni da hannu biyu. Ni kuma idona a kan agogonsa.

Sai korona ta zo. Aikin farko da na tuna a shekarar nan shi ne wani bene da aka kira ni sau uku a mako ɗaya saboda maɓallai sun daina aiki. Mutane sun ji tsoron taɓawa, sai su danna da makullin mota, da tsinken sakace, da bakin biro, wani ma da ƙafa. Masu shara kuma suna fesa ruwan kashe ƙwayoyin cuta kai tsaye a kan allo, ruwan ya shiga ya cinye abin da ke ciki. Na liƙa leda a kan maɓallai, kwana biyu ta yage. An killace rabin abokan aikina, an mayar da wasu gida. Ni kaɗai nake zagaya benayen da a da mu biyar ke zagayawa, da takunkumi a fuska, gumi na cika shi a ɗakin inji da ke saman bene. Ban taɓa canza maɓallai da yawa irin na wannan shekarar ba.

Duk wannan lokacin Mubarak yana aiki daga gida. Da aka fara sassautawa, aka tara mu a ɗakin taro nesa-nesa da juna, ya yaye wani mayafi. Baƙin gilashi ne dogo, sumul, kamar fuskar waya a kashe. Ba lamba, ba rubutu. In ka kawo hannu kusa sai wani ɗan farin ɗigo ya bayyana. Ka ja hannu sama, lambobi su fito ɗaya bayan ɗaya, siraran lambobi masu ruwan toka. In ka tsayar da hannu a kan wadda kake so, ɗigon ya kewaye ta. Buɗe ƙofa wasu layuka biyu ne, rufe ƙofa ma layuka biyu ne, bambancinsu tazarar da ke tsakani. Ƙararrawa kuwa, tunda doka ta ce dole a sa, ya sa ta a kusurwar ƙasa: wani ɗan zane ƙarami mai haske daga bayan gilashin, ka dafa wurin ta yi ƙara a wajen mai gadi.

Ya yi kyau. Wannan ma ba zan yi ƙarya ba. Mudir ya tashi yana zagaya shi yana cewa mashallah. Masu benaye suka yi ta layi, domin kowa na son a ce liftarsa ba a taɓa ta. Mujallar kamfani ta buga hoton Mubarak tsaye kusa da gilashin ya harɗe hannu. An ajiye mujallar a inda muke shan shayi, kullum sai na gan ta. Wata rana na kife ta na ɗora kofi a kai.

Ni aka ba aikin cire tsofaffin allunan da ɗaura sababbi. Ni kuma ake kira in an samu matsala, kuma ba lalacewa gilashin ke yi ba. Mutane ne ba su san abin da za su yi da shi ba.

Akwai wani dattijo ɗan Sudan, Ustaz Usman, a hawa na tara a wani bene kusa da unguwarmu. Tsohon malamin makaranta ne, idonsa ya yi rauni. Shekara da shekaru yana sauka masallaci shi kaɗai, yana ƙirga maɓallai da yatsa. Na same shi wata rana da la'asar tsaye a cikin lifta, ƙofa a rufe, yana shafa gilashin da tafin hannu daga sama har ƙasa. Ya ce mini, “Ɗana, ina suka kai lambobin?” Daga ranar ya koma jiran jikarsa ta dawo daga makaranta kafin ya sauka. Sallar azahar a jam'i ta wuce shi ke nan.

Sannan masu kawo abinci da hannuwa biyu cike da kaya, waɗanda a da suke dannawa da gwiwar hannu. Sannan mata masu baƙar safar hannu, waɗanda gilashin ba ya ganin hannunsu sam. Wata mai aikin gida ta so riƙe ƙofa don keken jariri, ta zaɓi layukan da ba su ba, ƙofa ta taho a kan keken, Allah ya sa na'urar kariya ta mayar da ita. Na samu takarda na rubuta da babban alƙalami, da Larabci da Turanci, na yi kibiya: nan buɗewa, nan rufewa, nan ƙararrawa. Na liƙa a liftoci shida. Mai bene ɗaya ya ɗauki hoto ya tura wa mudir, ya ce ba don wannan ƙazantar ya sayi gilashi ba. Aka ce in je in cire da hannuna.

A taron wata na yi magana. Na kawo labarin Ustaz Usman da na keken jariri. Na ce abin da aka ɓoye wa mutum ba a sauƙaƙa masa shi ba, an dai share shi ne daga gaban idonsa. Mudir ya yi murmushi ya ce, “Sale, kai mutumin tagulla ne. Khalas, mu wuce.” Aka yi dariya. Mubarak ya juyo ya ce mini da Hausa, a hankali, “Kawu, mutane za su saba. Haka aka yi da waya.”

Na ce, “Injiniya, waya mutum ya yi shekara da tasa a aljihu. Lifta baƙo ne ke shiga.”

Ya ce zai duba. Bai duba ba. Da muka fito, wani abokin aikina ɗan Kerala ya dafa ni ya ce in rage, domin a ofis ana cewa tsohon nan kishin ɗan garinsu yake yi. Na yi masa faɗa sosai. Na yi faɗan ne don gaskiya aka faɗa. Abin da nake cewa a kan gilashin daidai ne, kishin ma yana nan, kuma su biyun baki ɗaya suke fita.

Daga nan na daina magana.

Ana saura 'yan watanni a fara gasar cin kofin duniya, kamfani ya samu aikin wani sabon bene a Rayyan da aka tanada don baƙi. Lifta huɗu, duka da gilashin Mubarak. Ni na yi gwajin ƙarshe. Cikin gwajin akwai yanke wutar allo don a ga abin da zai faru. Na shiga lifta ta biyu ni kaɗai, na sa aka yanke. Fitilar gaggawa ta sama ta kama, fanka ta ci gaba da juyawa. Gilashin kuwa ya mutu baƙi ƙirin. Zanen ƙararrawa ya ɓace tare da sauran. Na dafa kusurwar da na san tana nan, ta yi ƙara, domin ita a kan batir take. Hasken da ke nuna ta ne ba a haɗa da batir ba. Masu binciken da suka zo daga baya sun ji ƙara, sun sa hannu, tunda wanda ya dafa musu ya san wurin.

Gyaran wayar wuta ɗaya ce. Minti goma a kowace lifta, ko layi ɗaya a takardar rahoto. Na tsaya da biro a hannu. Abin da na ce wa kaina shi ne, na faɗa sau nawa ba a ji ba. Abin da ke ƙarƙashin wannan kuwa, so nake wata rana wani babban baƙo ya maƙale na minti biyar, ya fito yana zage-zage, a kira Mubarak ofis, mudir ya tuna wanda ya yi magana. Na rubuta cewa komai lafiya, na sa hannu.

Lokacin gasar aka ajiye ni a wannan benen daga safe zuwa yamma. Garin ya cika. Mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba suna tsayawa gaban gilashin suna ɗaga masa hannu kamar masu gaisuwa. Sai da aka sa mutum ɗaya a ƙasa aikinsa kawai ya nuna wa baƙi yadda ake zaɓen hawa.

Ranar da Ghana za ta buga wasa a filin da ke Rayyan, tun bayan azahar benen ya watse, kowa ya nufi fili ko gaban talabijin. Mai nuna wa baƙi ma ya koma wajen mai gadi suna kallon sharhin da ake yi kafin wasa. Ina ɗakinmu na ƙasa na idar da salla, na ci abinci, sai na lura kunnena bai ji lifta ta biyu ba tun ɗazu. Kowace lifta da muryarta, ta biyu tana da ɗan gurnani in za ta tsaya a ƙasa. Na duba allon waje, babu komai a kai. Na hau ta matakala.

A hawa na biyar na ji bugu. Ba mai ƙarfi ba, kamar na wanda ya daɗe yana yi. Na kara kunne a ƙofa na yi magana da Turanci. Muryar mace ta amsa, ta dishe, tana haɗa Turanci da salati. Sai na ji ta juya tana cewa, “Baba, ka yi haƙuri, ga mutum ya zo.” Da Hausa, irin ta Zangon Kumasi.

Na ce, “Baiwar Allah, ku nawa ne?”

Jin Hausa, sai ita ma ta amsa da Hausa. Ta ce, “Ni da babana. Numfashinsa ya tsaya masa. Maganin yana ɗaki, shi muka koma ɗaukowa. Ba abin dannawa a nan, malam. Na duba ko'ina.”

Fiyus ɗin da ke ba allon wuta ne ya ƙone, lifta ta tsaya tsakanin na biyar da na shida. Wayarta ba ta kamawa a cikin rami. Sun fi rabin awa a ciki. Na ce ta dafa kusurwar ƙasa ta hannun dama. Ta dafa, na ji ƙarar daga can ƙasa. Tazarar taku ɗaya ce daga inda tsohon ke zaune.

Na kira mai gadi ya kira motar asibiti, na hau saman bene da gudu. Ku riƙe wannan tsarin, don ba a tsallake ko ɗaya. Ka kashe babbar wuta tukuna. Ka tabbatar ba wanda ke taɓa ƙofa. Sannan ka saki birki kaɗan-kaɗan, kana kallon fentin da aka yi wa igiya, har alamar hawa ta zo daidai. Na wuce alamar, sai da na dawo da ita. Na sauko na shida na sa mabuɗi mai kusurwa uku na ja ƙofa.

Dattijon yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, sanye da rigar ƙwallo a kan jallabiya, leɓensa ya canza launi, ƙirjinsa na yin fito. Sunansa Alhaji Seidu, ita kuma Mariama. Ta cire takalminta ɗaya, da shi take bugun ƙofa. Gilashin duk shatin tafin hannunta ne, daga sama har tsakiya. Bai kai ƙasa ba. Na ɗauke shi a baya zuwa ɗakinsu, ta shaƙa masa maganin, masu motar asibiti suka iso. Kwana biyar ya yi a kwance. 'Ya'yansa ne suka haɗu suka kawo shi ya ga ƙasarsa tana wasa da idonsa, ya koma gida bai shiga fili ko sau ɗaya ba.

A ranar, kafin magariba, na haɗa wayar hasken ƙararrawar nan da batir a duka liftoci huɗu.

An kira Mubarak ofis, kamar yadda na so. Ina zaune a waje ina jin muryar mudir ta cikin ƙofa. Ban ji daɗin da na yi tsammani ba. Juma'ar da ta biyo ya zo Bin Omran, rabonsa da ɗakinmu an fi shekara. Bai ci tuwo ba. Ya zauna ya ce, “Kawu, ka faɗa ban ji ba. Amma wannan na hasken, ta yaya ya wuce mu duka? Kai ma ka yi gwaji.”

Da na ce ban lura ba, da ya yarda. Na ce, “Na gani.”

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, “Na gani ranar gwaji. Na sa hannu.”

Ya daɗe yana juya makullin motarsa. Ya ce, “Da ka gaya mini.”

Na ce, “Da ka ji?”

Ya ce, “Ban sani ba. Amma da ka gaya mini.”

Bai kai maganar gaba ba. Da ya kai, da yanzu ina Kaduna, kuma ba wanda zai sake ba ni mabuɗi. Abin da ya yi, bayan mako biyu ya aiko a kira ni ofishinsa, ya ba ni takarda da fensir ya ce in zana allon da nake ganin ya dace. Na zana lambobi manya masu tudu, da rubutu a ƙarƙashin buɗewa da rufewa, da ƙararrawa rawaya wadda ta fito waje. Shi ya gyara, ya daidaita tazara, ya zaɓi launi, ya bar gilashin a sama yana nuna hawa kawai. Shi ne allon da kuke ɗaurawa yanzu. Aka sake buga hotonsa a mujalla, aka ba shi shugabancin sashe. A ƙasan shafin an gode wa ma'aikatan fili, ba suna. Ya sake mota. Tun ranar nan kuma Malam Sale yake kirana, da ladabi, da hannu biyu.

Har yanzu in na ga motar a harabar kamfani sai na kau da kai. Ban warke ba, kuma ba zan ce muku na warke ba. Abin da nake so ku ɗauka ɗaya ne: duk abin da kuka gani ranar gwaji, ku rubuta shi, ko da wanda rubutun zai rufa wa asiri shi ne mutumin da ba ku son ganin ya ci gaba. Wanda zai shiga akwatin nan bai san ku ba, bai san shi ba.

Mariama ta karɓi lambata kafin su tafi. Duk Salla sai ta kira daga Kumasi, ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta miƙa wa tsohon. Yakan yi mini addu'a mai tsawo, yana tsayawa yana jan numfashi, ya ce Allah ya yi wa hannuna albarka, ni ne na fito da shi. Ina riƙe da wayar ina cewa amin. Sau uku ina shirya yadda zan gaya mata, sai na ji ta ce, “Malam Sale, Baba ya gaji, sai wata Sallar,” ta kashe.